Ganyen da Ba a Tsinka Ran Lahadi

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, Mairamou ta zama likitar rabin unguwar Nombakélé ba tare da ta nema ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan da zuwanta Libreville daga Garwa, kuma sana'arta ba ta taɓa canzawa ba: tebur a gefen kasuwar Mont-Bouët, cike da citta, kanumfari, masoro, kimba, saiwoyi da sassaƙe. Da can mata masu neman kayan yaji ne ke tsayawa wurinta. Amma tun daga Janairun 1994, da aka wayi gari maganin farmasi ya fi ƙarfin talaka, sai ga ma'aikatan ofis da rigunansu masu guga suna raɓowa, suna rage murya, suna tambayar abin da ake sha don zazzaɓi.

Ciwo ɗaya ne ya gagare ta, shi kuwa yana cikin ɗakinta. Mijinta Sali yana aiki a wani wurin tsaga katako a Owendo, garin katakon ya bi shi har ƙirji ya zauna. Tari yake yi kamar ana dukan tsohuwar garwa. Ta ba shi citta da zuma, ta ba shi tafarnuwa, ta dafa masa ɗaɗɗoyar da take shukawa a fasasshen baho a ƙofar ɗaki. Tarin yakan lafa kwana biyu ya dawo da ƙarfinsa.

Wata safiya ruwan sama ya cika babbar hanya, sai ta ratsa ta wani lungu da ke bayan shagunan yadi na Indiyawa. Tana tafe da kaya a ka, wani ƙamshi ya tare ta, ta ja ta tsaya. Hancin Mairamou ba ya yi mata ƙarya, da shi take cin abinci. Ƙamshin ɗaɗɗoya ne, amma kamar an barbaɗa mata kanumfari, da wani ɗan yaji daga ƙarshe wanda ba ta san sunansa ba. Ta bi shi har bakin wata ƙofar kwano mai tsatsa, ta sa ido a wata 'yar huda.

Ɗan tsakar gida ne shararre fes. A tsakiyarsa an gina dakali mai kusurwa huɗu, tsayinsa ya kai ƙugu, an shafe shi da farin fenti an yi masa zane da ja. A samansa wata shuka ce mai ƙananan ganye, rassanta sun ja zuwa launin makuba. Wata tsohuwar Ba'indiya, siririya, sanye da farin zane, ƙafa ba takalmi, tana zuba mata ruwa daga ɗan tulun tagulla. Da ta gama ta kunna wata 'yar fitilar kasko, ta haɗa tafukan hannunta, ta shiga kewaya dakalin leɓɓanta suna motsi.

"A'uzu billahi," in ji Mairamou a hankali. Amma ba ta ɗauke idon ba.

Washegari hanya ta bushe, amma ta sake bi ta lungun. Haka jibi. Cikin mako biyu ta san abubuwan da ba wanda ya gaya mata: tsohuwar ba ta taɓa shukar sai gashinta na jiƙe da alamar wanka, tana yi mata magana kafin ta tsinki ganye, kuma ran Lahadi ba ta zuba ruwa ba ta tsinka, fitila kawai take kunnawa.

Ta ba maƙwabciyarta Rakiatou labari, wata Bamaraɗiya mai sayar da masa, wadda ɗakunansu ke jere a gida ɗaya.

"Ke dai son sani zai kai ki inda ba a dawowa," in ji Rakiatou. "Tsafi ne, me kike nema a ciki?"

"Ni ba tsafin nake nema ba, ganyen nake so in gani a hannuna. In ɗaɗɗoya ce, me ya sa ƙamshinta ya fi na tawa? In ba ita ba ce, to mece ce?"

Ranar wata Talata tana manne da hudar, tsohuwar ta gama kewayenta, ta ajiye tulun, ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Ke mai leƙen nan, idonki bai gaji ba? Turo ƙofar, ba a kulle take ba."

Saura kaɗan kayan kan Mairamou su zube. Ba kamun da aka yi mata ne ya girgiza ta ba, harshen ne. Hausar Kano ce tsantsa, irin ta tsofaffin Fagge. Ta tura ƙofar ta shiga da sallama, kunya kamar ta nutse.

"Cire takalmi," in ji tsohuwar. "Ina kwana?"

"Lafiya lau, Iya. Don Allah ki yi haƙuri. Amma a ina kika samo Hausa haka?"

"Shekara ashirin da shida na yi a Kano. Can na haifi ɗana Lachman, mai shagon nan na gaba, can kuma na rasa mijina. Kowa Dadi yake ce mini, wato kaka. Inuwar ƙafarki nake gani ta ƙarƙashin ƙofa kullum. Na ce ko ɓarauniya ce, sai na ga ɓarawo ba ya zuwa da ƙamshin kimba."

Mairamou ta yi dariya, kunyar ta ragu. Ta gaya mata sunanta da sana'arta, sannan ta nuna shukar da haɓa. "Wannan ɗaɗɗoya ce?"

"Kada ki sake ce mata haka a gabanta," in ji Dadi, tana murmushi amma ba da wasa ba. "Sunanta Tulsi. Ɗaɗɗoyarku na san ta, dangi ne, amma ba kowane ɗan gidan sarauta ne sarki ba."

Ta matsa kusa da shukar, ta faɗi wasu kalmomi da yarensu, ta tsinko ganye biyu da tsokar yatsu, ba da farce ba. Mairamou ta murza ɗaya ta shinshina, ta ɗora ɗayan a harshe. Sanyi ya fara zuwa, sannan yaji ya biyo baya ya buɗe mata hanci har cikin kai.

"Me kika ce mata kafin ki tsinka?"

"Izini na nema. Ke in za ki ɗauki abu a jikin uwarki, ba kya tambaya?"

Daga nan maganar ta kai ga tarin Sali. Dadi ta tambayi irin tarin, busasshe ne ko mai majina, da safe ya fi ko da yamma. Ta ba ta ganye bakwai, ta ce ta tafasa su da citta da ƙwayar masoro uku har ruwan ya koma rabi, kada ta sa zuma sai ya huce. Ta ce ta dawo gobe ta karɓi wasu, amma ban da Lahadi, ban da bayan faɗuwar rana.

Sali ya kwana tara yana sha kafin ya tambayi inda ganyen ya fito. Lokacin tarin ya yi sauƙi har yana iya jan doguwar sura a sallah ba ta yanke masa ba, ko da yake bai rabu da shi ɗungurungum ba, tunda kullum yana komawa cikin garin katako. Da ta gaya masa gaskiya, ya ajiye kofin ya daɗe yana kallonsa.

"Ganyen da ake bauta wa kika ba ni, Mairamou?"

"Malam, ganyen bai san ana bauta masa ba. Wanda ya halicci citta Shi ya halicce shi. Ai akwai masu bauta wa rana, ka daina shanya kaya?"

Ya ɗauki kofin ya ƙarasa. "Kada dai in ji kin kewaya wani dakali."

Haka zumunci ya ƙullu. Kusan kowace safiya Mairamou takan tsaya minti goma a bayan shagon, ta zauna a bakin ƙofar kicin da jakar tambayoyinta. Dadi ta gaya mata a ƙasarsu ana shan Tulsi don mura, zazzaɓi da kumburin ciki, ana shafa ruwanta a cizon ƙwaro, kuma sauro ba ya son zama kusa da ita. Wannan duk Mairamou ta gane, aikinta ne. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne sauran. Wai Tulsi mace ce mai tsananin riƙon amanar aure, wadda ta koma shuka, kuma abin bautarsu Vishnu ba ya karɓar abinci sai da ganyenta a kai. Wai gidan da take ciki ba ya rasa albarka. Wai in mutum zai mutu, ana sa masa ganye ɗaya a baki.

"An sa wa mijinki?"

"Da hannuna. Daga uwar uwar wannan na tsinka. Irinta na ƙullo a bakin zanena daga Kano."

Wata rana Mairamou ta kawo reshen ɗaɗɗoyarta, suka jera ganyen biyu a faranti suna dubawa kamar masu sayen zinariya. Na Mairamou ya fi faɗi da santsi, na Dadi yana da gashi-gashi da baki kamar zarto. Suka yi musu a kan wanda ya fi maganin ciwon ciki, ba wadda ta sallama.

Da watan Nuwamba ya kama, Dadi ta ce, "Ran Litinin da la'asar ki zo biki. Za mu aurar da Tulsi."

Mairamou ta ɗauka kunnenta ne. "Aurar da wa?"

"Tulsi. Kowace shekara ana yi."

Mairamou ta kwana biyu tana juya abin. Rakiatou ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a tambayo mata nawa ne sadakin. Sali ya ce ta je ta gaishe su ta dawo kafin magariba, kada ta ci abin da aka ajiye gaban wani abu. Ta je. Ta tarar an kafa rake huɗu a kusurwoyin dakalin an yi rumfa, an naɗa wa shukar jan mayafi mai bakin zinariya, an rataya mata awarwaro a rassa. Matan Indiyawa biyar suna waƙa. Angon kuwa wani ɗan baƙin dutse ne mai sulɓi, wanda Lachman ya riƙo a faranti, fuskarsa irin ta wanda aka taso daga shago dole. Mairamou ta tsaya daga bakin ƙofa tana kallo. Abin ya ba ta dariya da farko. Amma da ta ga Dadi tana gyara wa shukar mayafi, hawaye na bin kumatunta, sai dariyar ta ɗauke mata. Haka ta ga uwarta ta yi ranar da aka kai ta ɗakin Sali.

Da za ta tafi, Lachman ya raka ta ƙofa, ya ce da Hausa, "Mun gode, Hajiya. Tsohuwa ba ta da abokin hira sai ke."

Ta riƙe haɓa. "Kai ma? Shekara nawa muna ciniki a shagonka muna zaginka da Hausa!"

"Duk ina ji," in ji shi. "Shi ya sa nake sanin farashin da za ku tsaya."

Ba a daɗe ba gari ya canza. Gwamnati ta ba da sanarwa cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama, wadda ake kira kart-sejur, ya gyara ko ya bar ƙasar kafin ƙarshen Janairun 1995. Kuɗin takardar ya fi ƙarfin yawancin mutane. Sali da Mairamou suna da tasu, saboda wurin aikinsa ya tsaya musu tun shekarun baya, amma a gidansu mai ɗaki tara, ɗaki uku ne kawai ke da ita. Motocin jami'an tsaro suka fara tsayawa a mararraba. Kasuwa ta cika da masu sayar da katifa da tukwane a kan ko nawa ne.

Cikin wannan hali, wata safiya Mairamou ta tarar da Dadi zaune a ƙasa kusa da dakalin, ba ta kunna fitila ba.

"Lachman zai mayar da ni Indiya, wurin ƙanwata a Puna. Ya ce gari ba lafiya, in an fara fasa shaguna ba zai iya gudu da tsohuwa ba. Gidan nan ma zai sake shi, ya koma kwana a saman shago. Jirgi ba ya ɗaukar shuka da ƙasarta. Matan da kika gani ran biki, uku sun riga sun tafi, biyu suna ɗaure kaya. Shi kuwa ɗan nawa, ko kansa ba ya tunawa ya ba ruwa." Ta ɗago ta dube ta. "Ki ɗauke ta."

Mairamou ta sauke kayan kanta. Ta zauna ita ma a ƙasa.

"Dadi, ba zan yi miki ƙarya ba. Ni Musulma ce. Ba zan kunna mata fitila ba, ba zan kewaya ta ba, ba zan roƙe ta komai ba. Ruwa zan ba ta kamar yadda nake ba ɗaɗɗoyata."

Tsohuwar ta dubi shukar. Sannan ta ce, "Fitilar zan kunna mata daga can. Abu biyu nake roƙo. Kada a zuba mata ruwan wanke-wanke, kuma kada a tsinke ta ran Lahadi."

"Me ya sa Lahadin? Na daɗe ina so in tambaya."

"Ranar azuminta ce, tana hutawa. Haka uwata ta gaya mini, ni ma ban tambayi dalili ba. Ke ce mai tambaya."

"Na yi alkawari," in ji Mairamou.

Sali ya yarda bisa sharaɗi ɗaya: shuka za ta shigo, dakali ba zai shigo ba. Aka dasa ta a sabon bokitin roba da aka huda gindinsa, aka ajiye ta gefen bahon ɗaɗɗoya. Dadi ta tafi tsakiyar Janairu.

An ƙara wa'adin da mako biyu, amma hakan bai hana tafiya ba. Mutane suka yi ta tururuwa bakin teku suna jiran jiragen ruwa masu zuwa Kwatano da Legas da Duwala, wasu su kwana uku a fili, ruwa na dukansu. Mura da tari suka bi yara da manya. Kuma duk Nombakélé an san matar Sali tana da ganyen Indiya da ya tayar da mijinta. Aka fara sallama a ƙofarta. Wannan ta ce jaririnta ba ya numfashi sosai, wancan ya ce tsohonsa zai hau jirgi da zazzaɓi. Ta ba da ɗaɗɗoyarta har ta ƙare, amma kowa ɗayar yake so. Tana ba da ganye bakwai, ta koma biyar, ta koma uku. Shukar ta fara zama kamar kazar da aka fige.

Ranar da jirgin su Rakiatou zai tashi, Lahadi ce. Da hantsi ta shigo da ƙullin kayanta, idanunta sun yi ja, muryarta ta dishe, tana tari har tana dafa bango.

"Maman gida, ba ni na tsafin nan naku in tafi da shi. Kwana huɗu za mu yi a kan ruwa."

Mairamou ta dubi bokitin. Ganyen da ya rage bai fi ashirin ba, duk a kan reshe biyu. Ta tuna da alkawari, ta dubi Rakiatou, wadda suka yi shekara takwas suna cin abinci a kwano ɗaya, wadda wataƙila ba za su sake ganin juna ba. Ta durƙusa. Ba ta san ta buɗe baki ba sai da ta ji kanta tana cewa, "Ki yi haƙuri." Ko da shukar take, ko da tsohuwar da ke Puna, ita ma ba ta sani ba. Ta tsinke su duka, ta haɗa da citta da masoro ta ƙulle a leda, ta raka Rakiatou har inda ake shiga taksi.

Shukar ba ta sake tohowa ba. Ta ba ta ruwa, ta matsar da ita inuwa, ta dawo da ita rana, ta sa mata takin kaji. Bayan mako uku rassan suka bushe ƙayau. Gidan ma ya zama kango, ɗaki shida a rufe. Sali ya ce ta cire ta ta jefa a bola ta huta, amma hannunta ya ƙi. Abin amana ne, kuma ba ta san yadda masu shi suke yi da shi in ya mutu ba.

Ta ɗauki bokitin ta nufi shagon Lachman. Ya dubi busassun rassan ya sosa ƙeya.

"Wallahi, Hajiya, ban sani ba. Shekara arba'in ina ganin tana yi, ban taɓa tambaya ba." Ya dubi agogo. "Yanzu la'asar ce a can. Bari mu kira ta."

Ya juya lambobin wayar shagon, ya yi magana da yarensu, sannan ya miƙa mata. Muryar Dadi ta zo daga nesa, tana yankewa. Bayan gaisuwa Mairamou ba ta yi kwana-kwana ba. Ta faɗi masu zuwa ƙofarta, ta faɗi yadda ganye ya yi ta raguwa, ta faɗi Rakiatou da ranar Lahadi.



"Abu biyu kacal na roƙe ki," in ji Dadi. "Biyu kacal, Mairamou."

"Na sani, Dadi. Ba ni da bakin magana."

"Ke mai sayar da ganye ce, kin san ba a yi wa shuka tsirara. Ko biyu ki bar mata ta yi numfashi!" Ta yi tari, ta ja hanci. Can ta ce, "Ita matar, ta isa?"

"An aiko cewa sun sauka Kwatano lafiya."

"To. Ban ce na huce ba. Amma da ina nan, ban san abin da zan yi ba ni ma. Ba ni yaron nan."

Lachman, mai furfura a gemu, ya karɓi wayar yana ta gyaɗa kai kamar tana ganinsa, yana rubutu a bayan wata takarda. Da ya ajiye ya ce, "Ta ce ba a jefa ta a shara, ba a sa ta a murhu. Ruwa mai gudu ake kai ta. Kuma ta ce ni zan kai, da hannuna, ba takalmi. Ta ce ƙasar bokitin kada ki zubar, ki ci gaba da ba ta ruwa, wataƙila iri ya zuba."

"Yaushe za ka kai?"

"Yanzu, kafin in manta kalmomin."

Bai gayyace ta ba, ita ma ba ta nemi izini ba, ta dai bi shi suka shiga taksi ɗaya zuwa bakin teku. Rana tana tsaka, ruwa ya janye ya bar yashi mai laushi da guma-guman katako da igiyar ruwa ta watso. Lachman ya cire takalmi ya naɗe ƙafar wando, ya zare shukar daga bokitin a hankali, ya shiga ruwa har gwiwa. Mairamou ta tsaya a kan busasshen yashi, rungume da bokitin ƙasa. Ta ga ya ɗaga takardar yana karantawa, yana tuntuɓe, ya koma farko sau biyu. Sannan ya sunkuya ya saki rassan. Suka yi ta juyi a wuri ɗaya kafin ruwa ya ja su.

Ya daɗe a tsaye. Da ya fito idanunsa sun kaɗa, ya ce gishiri ne.

"Me kalmomin suke nufi?" in ji Mairamou.

Ya dubi takardar, ya juya ta. "Rabi na gane. Akwai godiya a ciki, akwai neman gafara. Sauran tsohon yare ne, sai na tambaye ta."

"In ka kira ta ran Asabar zan zo. Ina da tambaya ni ma. Cikin masu zuwa wurina akwai mai ciki, ban sani ba ko ana ba su."

"Za ta yi miki faɗa tukuna."

"Ta yi. Na ci bashin faɗan."

Ya karkaɗe yashin ƙafarsa ya sa takalmi. Suka hau titi, ya tsayar mata da taksi mai zuwa Mont-Bouët. Direban ya dubi bokitin ya tambaya da Faransanci ko me ke ciki.

"Ƙasa ce," in ji Mairamou, ta shiga ta ɗora shi a cinya.